Cincilata ta tsufa ta daina tsalle, ko amosanin gaɓɓai ne?

"Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema. Ina da cincila mace, ƙaramar dabbar nan dangin ɓera mai laushin gashi, sunanta Toka, shekararta 12 yanzu, tun tana 'yar mitsitsiya take hannuna. Da can ba ta zama wuri ɗaya, daga wannan kanta ta dira waccan har can saman keji, amma wajen wata biyu kenan na lura ta daina hawa sama, kullum tana ƙasa a lungu, in ta tashi daga barci sai ta riƙa tafiya a sanƙare kamar ƙafafun bayan sun ƙage, sai ta ɗan jima sannan ta ware. Wankan ƙura ma da take so kamar me, yanzu sai ta shiga ta juya sau ɗaya ta fito. Tana cin abinci amma kamar ta ɗan rame. Su biyu ne a kejin, ɗayar shekararta 5. Wata ƙawata ta ce tsufa ne kawai in ƙyale ta, wani kuma ya ce in riƙa sa mata robar ruwan zafi in ba ta ɗan farasitamol na yara. Likita amosanin gaɓɓai ne? Me zan yi mata?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Toka lafiya. In na fahimce ki daidai abu uku kike son sani, ko wannan sanƙarewa da daina hawa sama amosanin gaɓɓai ne, ko kuwa tsufa ne da ba a yi masa komai, sannan ko ki bi shawarar ruwan zafi da farasitamol ɗin. Bari in fara da na ƙarshen tunda shi ne mai gaggawa, dan Allah kar ki yi ko ɗaya, zan kawo miki dalili a ƙasa. Batun amosani kuma e, zai iya yiwuwa sosai, yadda kika kwatanta tashinta daga barci ma ya yi kama da shi ƙwarai, sai dai ni abin da ya fi tsaya min a rai cikin saƙon naki shi ne "kamar ta ɗan rame" ɗin nan da kika faɗa kika wuce, saboda a wajen cincila rama sau da yawa ba daga ƙafa take fitowa ba. Kuma kin san ban taɓa ta da hannuna ba, ban ga tafiyarta ba, to duk abin da zan rubuta miki shiri ne na zuwa wajen likitan da zai duba ta ido da ido.

Ita cincila 'yar duwatsu ce, asalinta tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, irin wadda ake kiwo a gida kuma daga ƙasar Chile aka ɗebo kakanninta, wani injiniyan haƙar ma'adinai Mathias Chapman ya kai guda 11 Kalifoniya a shekarar 1923, akasarin na gida daga tsatsonsu suke. Can inda suka fito akwai sanyi, ƙasa a bushe take, rayuwarsu gaba ɗaya tsalle ce daga dutse zuwa dutse, shi ya sa kika ga ƙafafun baya dogaye masu ƙarfi, lafiyayyiya tana iya tsallen da ya kusa mita 2 sama. Toh ki lissafa shekara 12 ana dirowa a kan gwiwa da ƙugu da gadon baya kowane dare, ai dole wata rana su nuna. A gida suna kai shekara 10 zuwa 15 cikin sauƙi, wasu har 20, akwai ma wani namiji mai suna Radar da ya shiga kundin Guinness, ya mutu a 2014 yana da shekara 29. Na kawo wannan ne don ki ga Toka ta manyanta kam, amma mai yiwuwa akwai sauran shekaru masu yawa a gabanta, kuma bai kamata ta yi su cikin ciwo ba don kawai an ce ai tsufa ne. Shekaru su kaɗai ba sa hana dabba hawa kantocin keji, sai dai wani abu da shekarun suka jawo, wannan abin kuma yana da suna kuma galibi ana iya rage shi.

Wani abu da za ki riƙe, a daji ita abin farauta ce, mujiya da yanyawa suna neman wadda ta nuna rauni, don haka ɓoye ciwo a jininta yake. Duk ranar da mai ita ya fara gani da idonsa to abin ya jima yana cin ta. Wata biyun da kika ƙirga daga ranar da kika lura ne kawai.

Yadda amosanin yake a jikinta

A kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan biyu, da ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani, su ne suke sa gaɓa ta motsa ba gogayya. In shekaru suka ja, ko an taɓa yin wani tsohon rauni a wurin, ko ƙiba ta yi yawa, sai guringuntsin ya fara cinyewa, wurin ya kumbura, ƙashin ya fara fitar da 'yan tsiro a gefe-gefe, motsi ya zama da zafi. Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa, tana jin zafi sai ta rage motsi, ta rage motsi sai tsokar cinya ta zube, tsoka ta zube sai nauyin duka ya koma kan gaɓar da dama ita ce ke ciwo. Kin dai ga yadda tsoho yake tashi da safe, sai ya dafa gwiwa, takun farko da ƙyar, in ya ɗan zagaya sai jiki ya sake, to haka take ji. Wannan warewar bayan an ɗan motsa ita ce alamar da ta fi karkata ni zuwa amosani a labarin Toka, sai kuma wankan ƙurar, domin birgimar nan da suke yi gadon baya da ƙugu take murɗawa, wadda bayanta ke ciwo sau ɗaya za ta gwada ta haƙura.

Sauran alamun da nake tambayar masu su, ko tana tsayawa a bakin kantar keji tana ta auna tsallen tana gyara ƙafa sannan ta fasa, ko ta daina tsayuwa a kan ƙafafun baya in tana roƙon abu, ko gashin bayanta da gindin wutsiya ya cukurkuɗe saboda ba ta iya lanƙwasawa ta gyara, ko ta fara ƙin a ɗauke ta alhali da ba haka take ba. Akwai kuma wani kashi mai laushi da suke fitarwa su ci kai tsaye daga dubura, ba ƙazanta ba ce, wani ɓangare ne na narkar da abincinsu, in kika fara ganin shi a zube a keji ko ya manne mata a gashi to wataƙila sunkuyawar ce ta gagara.

Gaskiyar magana binciken da aka yi a kan amosanin cincila ita kanta kaɗan ne, yawancin abin da muke aiki da shi daga zomo da ɓeran Masar da kyanwa da kare muka aro, muka haɗa da abin da muke gani a ɗakin duba dabbobi.

Abubuwan da suke shigar burtu da sunan amosani

Haƙori nake fara dubawa kafin ƙafa, ko da mai ita ya rantse min ƙafa ce. Cincila haƙoranta 20 ne kuma dukkansu girma suke yi har ta mutu, ba na gaba kaɗai ba har turamen da ke can ciki, taunar busasshiyar ciyawa ce take goge su. In gugar ba ta tafiya daidai sai turamen su fitar da tsini su riƙa yankar harshe da kumatu, saiwoyinsu kuma su yi ta tsawo, na sama su nufi ramin ido na ƙasa su turo ƙashin muƙamuƙi. Dabbar da bakinta ke ciwo haka tana rage ci a hankali, ta rame, ƙarfi ya tafi, sai ta zauna a ƙasan keji a takure, mai ita kuma abin da zai gani kawai shi ne ta daina tsalle. An taɓa kawo min wani tsohon namiji da wannan ƙorafin sak, wai ƙafa, har an sassauke masa kantoci. Ina shafa ƙasan muƙamuƙinsa sai na ji gudaji-gudaji a jere inda ya kamata ya zama sumul, na juya hannayensa na gaba na ga gashin wajen ya daskare saboda goge yawu, ido ɗaya yana ɗan hawaye. Na tambayi kwanon abincinsa aka ce ai yana cinyewa, da aka duba da kyau ashe marmashe shi yake yi ya zama gari ya zube ƙasa. Da aka yi hoto gwiwoyinsa ba laifi ga shekarunsa, bakin ne ya lalace.

Saboda haka ki duba min waɗannan a wajen Toka, haɓarta da ƙirjinta a jiƙe suke? Tana ɗaukar abinci ta jujjuya ta yar? Ta bar ciyawa ta koma mai laushi kawai? Kashinta ya ƙanƙance ko ya ragu? Haƙoran gaba na lafiyayyiya launinsu ruwan lemo ne, in sun koɗe sun yi fari-fari ki faɗa wa likita. Turamen kam ba za ki iya gani a gida ba, mu ma da fitila da abin leƙawa ba ma ganin komai da komai sai an sa ta barci.

Sai karaya. Ƙashin ƙwaurinta dogo ne siriri, ya ma fi na cinya tsawo, kuma tsoka kaɗan ce ta rufe shi, shi ne ƙashin da ya fi karyewa a jikinsu, yawanci in ƙafa ta maƙale a ragar waya ko a tayar gudu mai ramuka ta fizga. Bambancin shi ne karaya farat ɗaya take zuwa, jiya lafiya yau ta ɗage ƙafa ɗaya, amosani kuwa a hankali yake sanɗowa kuma galibi ɓangarorin biyu yake taɓawa. Amma tsohuwar da gaɓɓanta suka ƙage ita ce kuma mai kuskure tsalle ta faɗo, sai ka ga ana kukan targaɗe sai ga karaya, don haka samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

Ki juya ta a hankali ki kalli tafin ƙafafun baya. Ɗan kaushi busasshe ba komai ba ne, kusan kowacce tana da shi, amma in ya yi ja, ya kumbura, ya tsage ko yana jini, wannan gyambon tafin ƙafa ne kuma shi kaɗai ya isa ya hana ta dira. Shi ma suna tafiya tare da amosani, mai zama wuri ɗaya a kan diddige ita ke samun sa.

Ido ma haka, tsofaffi suna samun yana, wadda ba ta gani sosai ba za ta yi gangancin tsalle zuwa inda ba ta tabbatar ba ko da ƙafarta ƙalau. Ciwon zuciya yana sa saurin gajiya da haki, ciwon ƙoda yana sa rama da yawan shan ruwa, tsakuwar mafitsara da ciwon mahaifa suna sa tafiya a tanƙware, ciwon cikin kunne yana sa karkatar kai da tangaɗi. Masu namiji kuma da suke karanta wannan, ku riƙa duba gabansa, gashi yana iya naɗewa a wurin kamar zobe ya shaƙe shi, yana sa su tafiya wani iri.

Kar kuma ki manta da abokiyar zamanta. 'Yar shekara 5 tana kan ganiyarta, kuma in babba ta fara rauni ƙaramar takan karɓe gari, ta tare kantar sama, ta tare kwanon abinci, ke ba ki sani ba saboda da dare ake yi. In kina tsintar curin gashi a keji da safe ko kin ga ɗan cizo a kunne ko bayan wuya to akwai magana.

Abin da za ki yi kafin ranar ganin likita

Ki samu sikelin kicin mai nuna giram, ki sa ta cikin ɗan kwano mai zurfi ko kwali ki auna, ki rubuta, ki maimaita duk mako a lokaci guda. Manya suna kaiwa giram 400 zuwa 800, matan sun fi mazan nauyi, amma lambar ita kaɗai ba ta dame ni ba kamar inda ta dosa. Gashinsu yana ruɗar ido ba kaɗan ba, sai ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta kina kallonta kullum ba ki gani ba, ga mai giram 600 kin ga giram 60 kenan, kuma wannan ya isa a ce a tafi asibiti ba jira. Ki shafa bayanta da ƙugunta, in kina jin ƙasusuwan tsuru-tsuru to ramar ta tabbata.

Sannan ki ɗauki bidiyo da wayarki da magariba ko cikin dare lokacin da suke farkawa, ki ɗauko tashinta na farko daga barci, tafiyarta daga gefe da kuma daga baya, da shigarta wanka. Wallahi bidiyon minti biyu ya fi min dogon bayani, domin a kan teburin asibiti tsoro yana sa su ƙame ko su yi ta zillo kamar ba abin da ke damun su. Abin da ba na so ki yi shi ne ki kama ƙafar kina lanƙwasawa kina miƙewa wai gwaji. In za ki ɗauke ta hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya ya tallafo ƙugu, kar ki damƙi gashi, in ta tsorata sakin sa take yi ya cika miki hannu ita kuma ta faɗi.

A asibiti

Ki nemi likitan dabbobi da ya saba da ƙananan dabbobi irin su zomo da dangin ɓera, ba kowane mai duba kare da kyanwa ne ya san su ba, kuma ba laifi ba ne ki tambaya kafin ki je. Zai auna ta, ya saurari zuciya, ya shafa muƙamuƙi da ciki, ya motsa gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya yana jin inda ya ƙage ko yake ƙara, sannan in da hali a yi hoton ƙashi. Ni in zan sa tsohuwa barci don hoto to a lokaci guda nake ɗaukar kai da gadon baya da ƙugu da gwiwa, in leƙa turame, in ɗebi ɗan jini don ganin ƙoda da hanta, kar a yi ta maimaita sa barcin. Na san tsoron da ke ranki, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba, akwai, musamman ga mai shekaru, amma da iskar sa barci ta aisofuloren ta 'yan mintoci yawancinsu suna tashi lafiya. Ba a hana su abinci tun dare kamar yadda ake yi wa kare, ba sa amai, kuma hanjinsu ba ya son zama ba komai.

Hoton ma ba shi ne alƙali na ƙarshe ba. Na ga wadda hotonta ya yi muni tana ta tsalle abinta, na ga wadda kusan ba a ga komai ba amma ciwo ya hana ta sakat. Shi ya sa wani lokaci in haƙora da ƙoda sun fita lafiya mukan ba da maganin ciwo na mako biyu mu zuba ido, in ta koma wanka da hawa to jiki magayi, mun samu amsa.

Maganin da aka fi amfani da shi meloksikam ne na ruwa, wanda aka fi sani da Metacam, yana rage zafi da kumburi, kuma yawancinsu suna lashe shi daga bakin sirinji ba faɗa. In bai wadatar ba ko ana zargin jijiyar baya akan ƙara gabafentin. Ba zan rubuta miki adadi a nan ba kuma da gangan ne, ana lissafa shi ne da nauyinta na ranar da lafiyar ƙodarta, sannan ba a ba dabbar da ta daina ci ko jikinta ba ruwa sai an gyara wannan tukuna, in ba haka ba ƙodar ce za ta biya. Wadda za ta daɗe a kansa ana sake duba jininta lokaci-lokaci.

Farasitamol, aibufurofen, diklofenak da duk wani maganin mutane, ki bar su a inda suke. Dabbar da ba ta kai kilo ɗaya ba, ɗigon da kike gani kaɗan ne zai iya taɓa hanta ko ƙoda ko ya huda ciki, garin neman gira a rasa ido. Man zafi ma kar ki shafa, lashewa za ta yi. Haka in wani ya ce a ba ta amoksisilin ko danginsa ta baki ki ce a'a, yana kashe ƙwayoyin da hanjinta ya dogara da su kuma yana iya kashe ta. Gulukosamin da ake tallatawa don gyaran gaɓɓai kuwa ban hana ba in likitanki ya yarda, amma hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi ko a kare ma, kar ya zama shi aka riƙe aka bar maganin gaske.

Maganar ruwan zafi

Wanda ya ba ki shawarar da kyakkyawar niyya ya yi, ga mutum ɗumi yana sassauta gaɓa. Amma cincila gashinta yana cikin mafi kauri a duk dabbobin duniya, daga rami ɗaya na fata gashi sama da 50 ke fitowa inda mu ɗaya ne, kuma ba ta gumi, zafi in ya shiga ba ya samun hanyar fita. Ɗakinta ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin salshiyas, in ya doshi 27 musamman da laima a iska an shiga haɗari, sai ki ga kunnuwa sun yi jajir, ta kwanta a gefe tana haki, kuma cikin ɗan lokaci ake rasa su. Tsohuwar da tashi ke mata wuya ita ce ma ba za ta iya matsawa daga kan robar ba in ta ji zafin ya yi yawa, ga kuma taunawa, ta huda ta ruwa ya jiƙa ta. Fanka ma ba ta sanyaya su tunda ba gumin da zai bushe, sai na'urar sanyaya ɗaki. Abin da take buƙata shimfiɗa mai laushi a cikin ɗan ɗakin ɓuyanta, wurin a bushe, iska ba ta bugun ta kai tsaye, shikenan.

Gyaran keji, wannan kam yau za ki fara

A nan ne mutane suke yin ɗaya cikin biyu, ko su bar kejin yadda yake har ta faɗo, ko su kwashe komai su bar ta a fili fetal ba abin hawa. Na biyun ma illa ne, tsokar da ba ta aiki zubewa take yi, kuma dabbar da aka halitta da son sama in aka hana ta gaba ɗaya sai ta shiga damuwa har ta fara cin gashin jikinta. Abin da nake so ki mayar da tsalle ya zama taku. Ki jera kantocin katako kamar matakala, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kowacce, masu faɗi yadda za ta zauna ta juya a kai, sannan ki sa wani faffaɗan katako ko lilon yadi a tsakiyar kejin ya raba tsayin biyu ta yadda ko ta zame ba za ta faɗo tun daga sama har ƙasa ba. Gangara wasu suna bi wasu ko kallo, in za ki sa kar ta yi tsaye da yawa, ki buga mata 'yan sanduna a kwance don samun wurin taka ƙafa, ta waya kuwa ki cire ta kwata-kwata.

Duk inda ragar waya take a ƙasa ki rufe. Yadin filis, mai laushin nan irin na bargo, shi muka fi so saboda ba ya warware zare ya naɗe yatsu, ki ninka shi biyu ko uku, ki riƙa canzawa da zarar ya jiƙe domin fitsari shi ne abokin gyambon ƙafa, in kuma kika ga tana ci tana haɗiyewa to ki cire ki koma ɓawon katakon bishiyar asfen mai laushi. Ciyawa, ruwa da kwanon abinci duk su sauko ƙasa, bakin robar ruwan ya yi daidai da tsayinta ba sai ta miƙe ba, kuma ki yi komai bibbiyu a kusurwa daban-daban saboda ƙaramar. Ban ce ki raba su ba in dai ba faɗa suke ba, kaɗaici ma yana karya su. Wurin wanka ki canza shi zuwa faranti mai faɗi mai gajeren baki da za ta taka ta shiga, sau 2 ko 3 a mako kamar minti 10, kuma ko gindinta ya ɓaci kar ki yi mata wankan ruwa, ki goge wurin kaɗai da ɗan tsumma mai laima ki busar sosai, gashin nan in ya jiƙe har ciki ba ya bushewa da wuri sai naman gwari ya kama fatar. Tayar gudu in akwai ta zama mai shafaffen ciki ba ramuka, faɗinta ya kai santimita 38, ƙarama tana tanƙware baya. Lokacin sakin ta a ɗaki ki shimfiɗa wani abu a kan tayil saboda santsi, ki toshe hanyar hawa kujera da gado, gajeren yawo kullum ya fi dogo sau ɗaya a mako.

Abinci ba wani sabon abu, busasshiyar ciyawar timoti ko makamanciyarta a gabanta dare da rana, felet, wato dunƙulallen abincin kamfani, na cincila zalla cokali 1 zuwa 2 na cin abinci a rana. Kar ganin ta rame ya sa ki fara ɗura mata zabibi da gyaɗa da 'ya'yan itace don ta yi ƙiba, cikinta ba ya ɗaukar sukari da maiƙo, kumburi da gudawa za ki jawo. In sikeli ya nuna tana sauka likita zai iya ce ki ƙara 'yar ciyawar alfalfa ko ki riƙa ba ta garin Critical Care na kamfanin Oxbow da sirinji.

Abin da za ki sa rai

In amosanin ne to ba ya warkewa, guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, kuma wataƙila ba za ki sake ganin ta a can ƙololuwar keji ba. Amma da magani da gyaran wuri na ga da yawa sun koma birgima a ƙura har ƙurar tana tashi, sun koma zuwa bakin ƙofa da gudu in an taɓa ledar abinci. Ki zaɓi abu uku da kika san Toka tana so, ki riƙa rubuta ranar da ta yi su da ranar da ba ta yi ba a gefen nauyinta, da wannan takardar za ku riƙa gyara magani ke da likita, kuma ita ce za ta faɗa muku gaskiya in wata rana ranakun wahala suka rinjayi na daɗi har aka zo maganar hutar da ita. Daga abin da kika rubuta ban ga alamar an kusa nan ba.

Amma akwai abubuwan da ba a jira musu ranar layi. In ta yi awa 12 ba ta ci ba ko ba ta yi kashi ba, in cikinta ya kumbura ya yi tauri, in tana jan ƙafafun baya a ƙasa, in ta ɗage ƙafa ɗaya ba ta takawa, in tana cizon haƙora a takure ko numfashi ya yi mata wuya ko ta yi jijjiga, to a ranar za ki kai ta ko da dare ne. Ki sa ta a ƙaramin akwatin ɗauka da filis a ƙasa da ciyawa a ciki, a sanyaya motar kafin ta shiga, kar rana ta bugi akwatin, ki tafi da bidiyon da takardar nauyin da ɗan kashinta na ranar a leda, in kuma sun shaƙu da ƙaramar ki tafi da su tare don kar ta dawo da warin asibiti a jikinta ɗayar ta far mata.